Jirgin da Muke Kira Gwaggo

Na ji abin da kuka ce a bakin warsha, ɗakin gyaran jirage, kuna dariya, wai wankin jirgi ai wankin mota ne, motar ce kawai ta yi girma. Da Larabci kuka faɗa. To ni da Hausa zan ba ku amsa, don na san kuna ji sarai, mayarwa ce take yi muku nauyi a baki. Ku matso cikin inuwa. Jirgin da za mu wanke bai huce ba tukuna.

Ranar da na fara wannan aiki ba a ba ni soso ba, ba a ba ni tiyo ba. Usta Haruna, wanda ya koya min sana'ar, ya miƙo min buhu cike da 'yan marufai, kowanne da jan ƙyalle ɗaure a wutsiyarsa. Usta mutumin Chadi ne, ya zo hajji yana saurayi bai koma ba. Dogo ne siriri, kuma kunnensa na hagu ya mutu tun kafin in san shi, ƙarar injuna ta cinye shi. Ya zaga da ni gefen hancin jirgin yana nuna min wasu 'yan ramuka da 'yan bututu, waɗansu ko ƙaramin yatsa ba zai shiga ba.

Ya ce, "Idrisa, da waɗannan take sanin gudunta da nisanta daga ƙasa. Ruwa ya shiga, ta makance. Ka rufe ka manta ba ka buɗe ba, ta makance. Kuma ba a nan ƙasa za a gane ba, sai tana sama da mutane a cikinta."

"Ita" yake ce wa jirgi, kamar yadda Larabawa ke yi wa ɗayyara, wato jirgin sama, mu ma muka ɗauka a bakinsa. Na daɗe ba ni da aiki sai rufewa da buɗewa. Sai da ya ga ina iya zaga jirgi in san wane marfi ne bai dawo buhu ba tun kafin in duba, sannan ya ba ni sanda.

Sandar nan doguwa da kuke wasa da ita, mai laushin kai, ba ƙarfi take so ba, kafaɗa take ci. Sabulunmu ba na kasuwa ba ne, na kasuwa yana cin ƙarfen jirgi a hankali ba ka sani ba. Ruwa kuma sai wanda aka tace aka cire masa gishiri, don ruwan famfo yana bushewa ya bar farin tabo. Da sassafe ake wanki, kafin ƙarfe ya ɗauki rana. Idan ka makara, kumfa za ta bushe a jikin jirgin kafin ka ɗauraye, ka dawo farko. Sama da gefe duk mai sauƙi ne. Aikin yana ƙarƙashin ciki, inda mai da ƙura da hayaƙi suke haɗuwa su zama baƙar laka, kana goga tana ɗigo maka a fuska.

Wankin inji shi ne babba. Na tuna na farko da Usta ya bar ni na ɗaura bakin tiyo da hannuna. Ana maƙala ƙarafunan feshi a gaban injin, a ɗaure su tamau, sannan injiniya ya hau sama ya juya injin ba tare da ya ba shi mai ba. Fankar ta fara juyawa, a saki ruwa mai ɗumi. Ruwa ya shiga fari tas ta gaba, ya fito ta baya kamar sauran gahawa. Wannan baƙin shi ne yashin da ta haɗiya a hanya. Idan ya taru, injin yana wahala, ya riƙa shan mai fiye da ƙima. Ka ɗaura ƙarfe ɗaya sako-sako, injin ya tsotse shi, ka kashe injin nan take. Shi ya sa Usta yake bin bayana ya girgiza kowane ɗauri, har lokacin da ni ma na fara furfura.

Masu jirage iri-iri ne. Lokacin hajji kowa gaggawa yake, su sauke mutane su juya, su ce a goge gilashin gaba kawai. Akwai matuƙin da ba ya hawa sai ya shafa cikin jirgin da tafin hannu ya duba. Akwai wanda bai taɓa kallonmu ba. Amma a cikin duk jiragen da suka bi ta hannuna, ɗaya ce muka raɗa wa suna. Babba ce mai injuna huɗu, da ƙusumbi a gaba, tsohuwa tun ina sabon shiga. Muna ce mata Gwaggo. Alhazai take ɗauka, shekara da shekaru. Idan ta taso, tagogin warsha sai sun yi rawa, ta bar baƙin hayaƙi a bayanta. Usta ya fi kowa sanin jikinta. Ya san inda fenti ya kumbura, ya san ƙusar da ke zubar da tsatsa.

Wata shekara kamfanin da ke ƙera jiragen ya aiko mana wakiliyarsa, wata injiniya, Muhandisa Samira. 'Yar nan Madina ce, daga unguwar Bani Harisa, kakarta Bahaushiya. Irinku ce, tana jin Hausa, ta amsa da Larabci. Ta tara mu a warsha ta yi mana bayani tsakani da Allah. Ta ce kamfaninsu ya yi alkawari a gaban duniya cewa akwai shekarar da in ta zo, jiragensu ba za su ƙara wa sama wani hayaƙi ba. Ta ce hayaƙin masana'antarsu ba shi ne babba ba. Babban yana fita ne daga jiragen da suka riga suka sayar, kuma a kan kamfanin ake ɗora shi har ranar da jirgi ya daina tashi. Saboda haka za a yawaita wankin inji, don inji mai tsabta ba ya shan mai da yawa. Za a kawo sababbin jirage. Tsofaffi masu injuna huɗu kuma za a sauke su ɗaya bayan ɗaya.

Usta ya juyo mata da kunnensa mai ji. Ya ce, "'Yata, hayaƙin nan ai muna ganinsa. Iska ta ɗauke, ya watse."

Ta ce baƙin da muke gani ba ya daɗewa, yana saukowa. Wanda suke magana a kai shi ne kabon, ba shi da launi, ba shi da wari. Yana hawa ya zauna, ya riƙe zafin rana kamar bargo, kuma wani daga cikinsa yana daɗewa fiye da ran mutum.

Usta ya ce, "Ke nan duk abin da Gwaggo ta ƙona tun ina saurayi, yana nan sama?"

Ta amsa masa da e, ta ce, "Aiwa, ya ammi. Da yawansa yana nan."

Ya ɗaga kai ya dubi rufin warsha. Bai ƙara tambaya ba. Daga ranar na lura idan Gwaggo ta tashi, ba ita yake kallo ba, inda ta wuce yake kallo, ya daɗe yana kallon wurin bayan ta ɓace.

An sa Gwaggo a cikin waɗanda za a sauke. Shirin shi ne ta yi tafiya ɗaya babu fasinja zuwa ƙasar da ake yanka tsofaffin jirage. Kafin ranar ta zo, annoba ta sauka.

Kuna makaranta a lokacin, ba ku ga filin nan ba. Maziyarta suka daina zuwa. Ina fitowa daga gidana a unguwar Ƙurban, hanyar masallacin Ƙuba babu motar baƙi ko ɗaya. A nan kuma jirage suka jeru kai da wutsiya har bakin shinge. Aka sallami mafi yawan ma'aikata, aka bar mu 'yan kaɗan. Sama ta washe, irin washewar da ban taɓa gani ba, har kana iya ganin tsagogin jikin dutsen Uhudu daga nesa. Shiru kuwa, in mutum ya ajiye bokiti a wancan gefen filin sai ka ji.

Aikinmu ya koma kula da jiragen da ba sa tashi, kuma ya fi wanki wuya. Ka toshe kowane rami, don tsuntsu da zanzaro ba sa jiran izini. Ka rufe bakin injuna. Ka naɗe tayoyi saboda rana, lokaci-lokaci a gangara jirgin kaɗan kada tayar ta kwanta a gefe ɗaya. Ka liƙe tagogi da takarda mai ƙyalli. A ciki ka lulluɓe kujeru da farin mayafi, ka rataya jakunkunan da ke tsotse laima. Dokar ita ce ba a shiga jirgin da aka rufe sai mutum biyu, kuma sai da safe.

Gwaggo ce ta ƙarshe a layi, can bakin shinge inda baƙaƙen duwatsu suka fara. Iska ta yage marfin injinta ɗaya, kafin a kawo wani sai fankar ta riƙa juyawa da kanta a hankali, tana ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar mai tafiya da takalmin katako. Idan rana ta yi tsaka jikinta ya riƙa ƙara, nan tas, can tas. Ƙarfe ne yake miƙewa, duk mun san haka. Amma ko bayan mun sa sabon marfi, fankar ta daina motsi, Usta bai daina tsayawa ba.

Muna cikin naɗe taya sai ya ɗaga hannu. "Idrisa, wa ya kunna ta?"

Na ce, "Ba kowa, Usta. An ma cire mata batir."

"Ina jin ta."

Abin da ya tsaya min a rai, ba da kunnen mai ji yake saurare ba. Mataccen yake juyawa wajenta. Na faɗa wa Muhandisa Samira, ita ma ba ta bar zuwa ba duk tsawon annobar. Ta ce wanda ya daɗe cikin ƙara, idan shiru ya yi yawa kunnensa yakan ƙago masa ƙarar. Ta roƙe shi ya huta kwana biyu. Ya yi mata godiya, washegari ya riga kowa zuwa.

Ranar da abin ya faru tsakiyar zafi ce, lokacin da doka ta hana aiki a fili da rana tsaka. Mun yi azahar a ɗakin hutu, na kwanta a kan benci ƙarƙashin na'urar sanyi. Da na farka, shayin Usta yana nan bai sha ba, hularsa tana kan ƙusa. Na leƙa ta taga. Filin yana rawa saboda zafi, jirage kamar suna shawagi a kan ruwa. Can ƙarshen layi na hango motar matakala a jikin Gwaggo, ƙofar gaba a buɗe.

Na kira Muhandisa ta rediyon hannu na ce ta taho da motar asibiti. Na ɗauki tocila da gorar ruwa na ja mota. Ƙarfen matakalar ya ƙone min tafin hannu. Da na kai bakin ƙofa, zafin da ya fito daga ciki ya tura ni baya, kamar an buɗe tanderun masu gurasa. Na yi sallama, ban san dalili ba, sannan na shiga.

Duhu ne a ciki, don ni da kaina na liƙe tagogin. Warin ya fara tarbata: turaren miski, kafur, gumin mutane, duk abin da kujeru suka sha shekara da shekaru zafi ya fito da shi. Na kunna tocila. Layi bayan layi, fararen mayafai a zaune, kafaɗa da kafaɗa, har inda haske ya ƙare. Ni na lulluɓe su, na san kujeru ne. Amma duk wanda ya taɓa ganin jirgi cike da alhazai cikin harami ya san abin da idona ya gani. Kuma suna motsi. Iskar da ke shiga ta ƙofa ce take bin su, mayafi ya kumbura ya sauka, na bayansa ya kumbura ya sauka.

Na kira, "Usta!" Muryata ba ta je ko'ina ba.

Na bi hanyar tsakiya ina haska dama da hagu. Jirgin nan na san tsawonsa, amma ranar sai na ga ba ya ƙarewa. Gumina ya daina fita, na san wannan alama ce mara kyau. Can kusa da wutsiya na ga baƙin kai ɗaya a cikin fararen. Ya janye mayafin kujera ɗaya ta gefen taga ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, bel ɗin kujera ɗaure a ƙugunsa. Idonsa a buɗe, yana kallon rufi. Fatarsa a bushe, da zafi kamar murfin tukunya.

Na ce, "Usta, tashi mu fita."

Ya ce a hankali, "Rage murya, Idrisa. Ba mu sauka ba tukuna."

"Muna ƙasa, Usta. Muna Madina."

"Dubi sama," ya ce. "An cire rufin. Ga hayaƙin nan, ninki a kan ninki. Kowace tafiya da nata."

Ban duba ba. Na kwance bel ɗin, na juye masa ruwan gora a kai, na saɓa hannunsa a wuyana. Ga shi siriri, amma ranar ya yi nauyi. Ina jansa, ƙafafunsa suna kama mayafai suna zamewa a bayanmu, ina jin su suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ban waiwaya ba. Tocila ta kuɓuce min, na bar ta. Na sa ido a kan hasken ƙofa. Kafin in kai, ƙarfina ya ƙare. Muhandisa Samira ce ta shigo, ta kama shi ta ɗaya gefen, tana ce min, "Yalla, ya ammi, yalla," har muka fito. Rana tsaka ce a Madina, amma da iskar waje ta taɓa ni sai na ji ta da sanyi.

Ya rayu. Likita ya ce zafi ne ya buge shi, da an ƙara jimawa kaɗan da sai dai gawa. Da na je duba shi na tambaye shi me ya kai shi. Ya ce ya ji ana buga ƙofa daga ciki, ya je ya buɗe. Bai tuna tafiya zuwa baya ba, bai tuna ɗaura bel ba. Muhandisa ta ce zafi yana sa mutum ya ga abin da ya daɗe yana tunani. Ban yi mata musu ba, don ta fi ni sani, kuma ita ta fitar da mu. Usta bai dawo aiki ba. Surukinsa mai gonar dabino ya zo ya tafi da shi Khaibar.

Da annoba ta lafa, jirage suka fara tashi ɗaya-ɗaya, layin ya yi ta raguwa. Sababbin suka iso, masu manyan injuna biyu, ba ƙara, ba baƙin hayaƙi. Gwaggo kaɗai ta rage. Masu ita suka duba suka ga ba ta cancanci a tashe ta ba ko don tafiyar ƙarshe, za a kawo masu yanka su yanka ta a inda take. Na buga wa Usta waya na faɗa masa. Ya ce, "Kada a taɓa ta sai na zo."

Ya zo da sanda a hannu, ya rame. Ya ce a wanke ta. Shugaban aiki ya ce ruwa da sabulu a kan abin da za a sare gobe, wannan ai ɓarna ce. Muhandisa ta ce masa mai da dattin cikin jirgin gara a wanke a tara su, da su bi ƙasa lokacin yanka. Da haka ya yarda. Muka shimfiɗa tamfol, muka kawo motar ruwa. Usta ya zauna a kan kujera cikin inuwar fiffike yana ba da umarni. Na nufi hanci kamar kullum, sai ya ce, "A'a. Fara da dama."

Na ce, "Usta, ƙarfe ne fa."

Ya ce, "Na sani. Fara da dama."

Na fara da dama. Muka gama, muka koma hagu, sannan ƙarƙashin ciki. Baƙin ruwa ya yi ta zuba, Usta ya ƙi barinmu mu tsaya sai da ya fito fari. Ya tashi, ya dafa tayar gaba, ya juya ya shiga motar surukinsa. Bai tsaya ganin yanka ba. Ni na gani. Wata na'ura mai baki kamar almakashi ta fara da wutsiya, kafin sati ya zagayo motoci sun kwashe ta kaf. Usta ya rasu a Khaibar bayan haka, lokacin nunar dabino, Allah ya jiƙansa.

Wurin da ta tsaya kun san shi, ko ba ku san kun sani ba. Hanyar da muke bi zuwa tankin ruwa ta ratsa ta nan. Babu komai yanzu, fili ne, sai dai kwalta ta ɗan fi duhu inda inuwarta ta daɗe. Masu motocin kaya in sun iso wurin suna yin kwana su zaga, alhali hanya miƙaƙƙiya ce. Na tambayi wani direba sabon zuwa me ya sa, ya ce shi bai ma san yana yi ba.

Kai kuma Mazin, da ka fi kowa dariya ɗazu. Jiya da safe ina bayanka, kana ɗauke da tiyo a kafaɗa. Da ka iso daidai inda injin Gwaggo na ciki yake rataye a da, ka sunkuyar da kai, ka wuce, sannan ka miƙe. Kai da ba ka taɓa ganinta ba.

Ku tashi, jirgin ya huce. A ɗauko buhun marufai.